TARIHIN GURNANI DA AMSA-KUWWA: Yadda Lalacewar Amfilifaya Ta Zama Sautin Da Ake Saye Da Kuɗi



Duk wanda ya taɓa zama wurin biki ko majalisi a Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san abu biyu game da amfilifaya. Na farko, in mai kayan sauti ya ƙure murya, sai lasifika ta fara kaushi tana gurnani, mutane su ce "rage, za ka fasa sifika!" Na biyu, da an miƙa wa mai magana makirfo sai ya ce "ƙara min eko." To waɗannan abubuwa biyu, gurnani da amsa-kuwwa, su ne makaɗan jita na duniya ke zuba kuɗi suna nema. Har 'yan akwatuna aka ƙera musu waɗanda ake takawa da ƙafa, ana ce musu feda, kamar dai fedar keke. A jikin ɗaya za ka ga an rubuta Overdrive, ita ce mai gurnani. A jikin ɗayar an rubuta Reverb, ita ce mai amsa-kuwwa.

Yau za mu bi tarihinsu, mu ga yadda labarin ya biyo ta Sakkwato, sannan mu ga yadda ake haɗa su da amfilifaya irin ta da, da kuma yadda za ka gwada a wayarka.

MECE CE AMFILIFAYA MAI KWALBA?

In kana da kaka ko kawu da ya ajiye tsohuwar rediyo mai jikin katako, wadda in an kunna sai an jira ta yi zafi kafin ta yi magana, to ka san kwalba. Wata 'yar gilashi ce kamar ƙwan fitila, an zuƙe iskar cikinta, tana yin ja in ta ɗauki zafi. Turawan Ingila bawul suke ce mata. John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro ta farko a 1904, sai Lee de Forest na Amurka ya yi mata ƙari a 1906, ƙarin da ya sa ta iya ɗaukar ƙaramin sauti ta mayar da shi babba. Rediyo, silima, tarho mai nisa, duk da ita suka tashi.

A ƙarshen 1947 aka ƙirƙiro tiransista a Bell Labs. Ƙarama ce, ba ta fashewa, ba ta cin wuta sosai. A hankali ta kori kwalba daga kusan komai, kuma jikokinta ne ke cikin wayar da ke hannunka. Amma makaɗan jita suka ƙi sakin kwalba har yau.

Dalili? Kowace amfilifaya tana da iyakar ƙarar da za ta iya ɗauka. Ka ɗauka dogon mutum ne zai shiga zaure mai gajeruwar ƙofa. Kwalba sunkuyar da shi take yi a hankali ya wuce. Tiransista irin ta farko kuwa, in ya kai iyaka, gwara masa kai take yi. Shi ya sa kaushin kwalba ke da taushi da kauri a kunne, na tiransista kuma ya zo da tsini kamar ana yaga yadi.

Mutumin da ya fi kowa suna a wannan harka, Leo Fender, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. Ya buɗe shagonsa a 1938, kuma bai iya kaɗa jita ba. Makaɗa ne ke kawo masa gyara, daga nan ya fara ƙera nasa. A 1962 wani mai shagon ganguna a Landan, Jim Marshall, ya kwaikwayi amfilifayar Fender mai suna Bassman da kayan da ake samu a Ingila, ya fitar da JTM45. Masu gyaran rediyo da waya na kasuwanninmu su lura da wannan: daga benci irin naku abin ya fito.

GURNANI: KUSKUREN DA AKA ƘI GYARAWA

Fender da takwarorinsa sauti mai tsabta suke nema. Kaushi a wurinsu aibi ne. Makaɗa ne suka juya maganar.

A watan Maris na 1951, ƙungiyar Ike Turner ta taso daga jihar Misisifi zuwa birnin Memfis don ɗaukar waƙa a situdiyon Sam Phillips. A hanya amfilifayar mai jitarsu, Willie Kizart, ta lalace. Ba lokacin gyara, sai aka cusa takarda a jikin sifikar aka ci gaba da aiki. Jitar ta fito tana zuza. Phillips ya ji, ya ce a bar ta haka. Waƙar, Rocket 88, ta yi kasuwa sosai.

Daga nan wasu suka fara lalata kayansu da gangan. Link Wray ya huda sifikarsa da fensir a 1958. Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ya tsaga tasa da reza a 1964. Ka ji fa, mutum ya sayi abu da kuɗinsa ya sa masa reza, don dai ya samu wannan amo.

Feda kuwa daga wani kuskuren ta fito. Wajen ɗaukar waƙar Marty Robbins mai suna Don't Worry, wadda ta fita a 1961, layi ɗaya na teburin haɗa sauti a birnin Nashbil ya samu matsala, sai jitar Grady Martin ta fito da wani irin kaushi. Jama'a suka so shi. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya zauna da abokin aikinsa suka haɗa 'yar na'ura mai tiransista da za ta riƙa yin wannan kaushi duk lokacin da aka so. Kamfanin Gibson ya fitar da ita a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Da farko ta yi kwantai. Sai a 1965 Keith Richards na The Rolling Stones ya yi amfani da ita a waƙar Satisfaction, nan take aka wawushe ta a shaguna.

Amma Fuzz kaushinta ya yi yawa, kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Abin da mafi yawan makaɗa ke so shi ne wancan gurnani mai taushi na kwalba. Matsalar ita ce tsofaffin amfilifaya makunnin ƙara ɗaya gare su: ba za ka samu gurnani ba sai ka ƙure murya har maƙwabta sun fito. Japanawa ne suka kawo mafita. Kamfanin Boss ya fitar da OD-1 a 1977, Ibanez kuma ya fitar da koriyar feda mai suna Tube Screamer TS808 a 1979, wadda Susumu Tamura ya tsara. Har gobe ana kwaikwayon waɗannan biyun.

AMSA-KUWWA: YADDA AKA SA ƊAKI A CIKIN AKWATI

Mu fara raba abu biyu da muke haɗawa mu kira eko. In ka yi kira a gindin dutse ka ji kalmarka ta dawo maka ɗaya bayan ɗaya, wannan maimaici ne, a na'ura Delay ko Echo ake rubutawa. In kuma ka tafa hannu a cikin sabon ɗakin siminti da ba a sa kaya ba, ko a babban masallaci bayan an watse, za ka ji sautin ya bazu ya yi jela sannan ya mutu a hankali. Ba kalma kake ji ta dawo ba, dubban dawowa ne suka cakuɗe. Wannan shi ne Reverb.

Da farko ɗaki na gaske ake nema. A 1947 Bill Putnam na birnin Chicago ya kai sifika da makirfo banɗakin situdiyonsa saboda amon tayil, ya ɗauki kiɗan ƙungiyar Harmonicats da shi. A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya ƙera wani faifan ƙarfe mai tsawon kamar mita 2 da faɗin mita 1, yana karkarwa in sauti ya ratsa shi. Nauyin akwatin ya kai kusan kilo 270. Wa zai ɗauki wannan zuwa gidan biki?

Dabarar da ta dace da mai yawo ita ce ta sifirin. Laurens Hammond, mai ƙera molon coci na lantarki, ya nemi rajistarta a 1939. Ana tura sauti ta bakin siririn sifirin na ƙarfe, ya yi ta kai da komo a ciki, a tare shi a ɗaya bakin. Fender ya karɓi lasisin wannan ya fitar da akwatin amsa-kuwwa mai kwalba a 1961. A 1963 ya sa shi cikin amfilifayar kanta, aka samu Vibroverb, Deluxe Reverb mai wat 22, da Twin Reverb mai wat 85. Su ne yau ake kira "irin na da", kuma kamfanoni na ci gaba da ƙera sababbi a kan tsarinsu. In ka bugi irin wannan amfilifaya da ƙafa tana kunne, za ka ji ƙara kamar tsawa: sifirin ne ya girgiza. Amsa-kuwwa ta lissafin kwamfuta ta zo a 1976 da EMT 250, sai Boss ya matse ta cikin 'yar feda, RV-2, a 1987.

KUNNENMU YA RIGA SU

Yanzu mu dawo gida. Abin da Turawa suka gano ta hanyar fasasshiyar sifika, makaɗanmu sun daɗe suna yin sa da gangan. Dubi kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos: gwangwanin kifi, fata, tsirkiya ɗaya, sannan a ƙarshen sandar ga ɗan ƙarfe mai ƙananan zobba da ke kaɗawa duk lokacin da aka taɓa tsirkiya. Masu garaya ma suna sa irinsa, ceba suke ce masa. Ganga kuma ana ɗaura mata zare a kan fata don ta riƙa zuza. Cire waɗannan ka ji yadda kiɗan zai zama lami. Wato a wurinmu sautin da ba shi da ɗan kaushi bai cika ba. Ceba ita ce fedar gurnanin kakanninmu, ba batir ba waya.

A Najeriya jitar lantarki ta fi kafuwa a kudu. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ƙungiyoyi irin su BLO, Ofege da The Funkees sun cika faya-fayansu da kaushin Fuzz. A Kaduna kuma Bala Miller ya yi waƙoƙin Hausa da jita da kayan busa na zamani. Amma inda gurnanin jita ya yi saiwa sosai kusa da mu shi ne arewa da iyaka, wurin Abzinawan Nijar da Mali.

Matasan Abzinawa da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980 su suka fara. Daga cikinsu ƙungiyar Tinariwen ta fito, wadda ta ci kyautar Grammy a 2012. A Nijar, Abdallah ag Oumbadougou ne jagora. Lokacin tawayen da ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, a ɓoye ake yawo da kaset ɗinsa hannu zuwa hannu. Da aka samu lafiya sai jita ta koma kiɗan biki a Agadas.

Su fa ba Fender mai kwalba suke da ita ba. Ƙananan amfilifaya ne masu tiransista, da janareto, a fili, ga jama'a da yawa. Dole a ƙure murya, dole sauti ya yi kaushi. Da kamfanin Sublime Frequencies na Amurka ya fitar da faifan Group Inerane a 2007, wannan kaushin ne ya ja hankalin masu saurare a waje. Abin da ya faru a Memfis a 1951 ya sake faruwa a Agadas: rashin kaya ya haifi salo. Bombino, ɗan yankin Agadas, ya je Nashbil ya ɗauki faifansa Nomad, wanda ya fita a 2013, tare da Dan Auerbach na The Black Keys, mutumin da ya shahara da son tsofaffin kayan sauti.

SAKKWATO, 2008

Ga inda labarin ya shigo unguwarmu, don kafin 1 ga Oktoba 1996 Anka da Gummi da Bukkuyum duk a jihar Sakkwato suke.

Akwai wani matashi Ba'abzine daga yankin Tawa, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar. Yana yaro ya ga wasan Abdallah ag Oumbadougou, ya dawo gida ya haɗa jitarsa da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya tsallako Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a situdiyo irin wanda ake ɗaukar waƙoƙin Hausa na zamani. Aka sa wa muryarsa Auto-Tune da gangar kwamfuta, irin sautin da muka saba ji a waƙoƙin fim.

Faifan bai shiga shago ba a lokacin. Ta waya ya yi tafiya, daga memori zuwa memori, ta Bluetooth, irin yadda muke zuwa wurin masu turi a tura mana waƙa. Haka ya ratsa Nijar ya kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, yana tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane, ya ci karo da wata mai suna Tahoultine. Ya sa ta a tarin da ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones, ya kuma yi ta cigiya har ya gano mai ita.

Yau Mdou Moctar, bahago mai riƙe da Fender Stratocaster, yana cikin makaɗan jita da ake ji da su a duniya. Saurari Ilana na 2019, ko Afrique Victime da kamfanin Matador ya fitar a 2021, za ka ji gurnani da amsa-kuwwa sun cika ko'ina. Sannan ka koma ka saurari Anar. Mutum ɗaya ne, kuma ƙofar da ya bi ya fita duniya situdiyon Sakkwato ce da wayar hannu.

YADDA AKE JERA SU

Tarihin nan shi ya ba da ƙa'idar haɗawa. A zahiri amfilifaya ce ke fara gurnani, sannan ɗaki ya amsa. Don haka jerin shi ne: jita, fedar Overdrive, fedar Reverb, sai amfilifaya.

In ka juya, ka sa Reverb a gaba, gurnani zai kama jelar amon ya murƙushe ta, komai ya cakuɗe ya zama kunu. Akwai masu yin haka da gangan, amma mai koyo ya fara da daidai.

1. Fara da amfilifaya ita kaɗai. Murɗa Volume har inda in ka taɓa tsirkiya a hankali sauti na da tsabta, in ka buga da ƙarfi ya ɗan yi kaushi. Nan ne daɗin kwalba yake.

2. A fedar Overdrive, rage Drive ko Gain ƙasa, ka ɗaga Level sama. Haka fedar za ta tura kwalba ta yi gurnanin da kanta. In ka ƙure Drive, sautin feda kake ji, kuɗin kwalbarka ya tafi a banza.

3. Amfilifaya irin ta da galibi ba ta da ramukan baya da ake rubuta wa Send da Return. Ma'ana amsa-kuwwarka ta ƙofar gaba za ta shiga, kuma in amfilifayar na gurnani sosai za ta dame ta. To ko dai ka bar amfilifaya da ɗan tsabta feda ta yi kaushin, ko ka rage Mix na Reverb sosai. In akwai Send da Return, nan ne gidan Reverb.

4. Dubi wurin da kake. A ɗakin siminti mai rufin kwano, ɗakin ya riga ya ba ka amo, kaɗan za ka ƙara. A fili ko ɗakin laka mai shimfiɗa, za ka iya ƙarawa. Wannan ya shafi masu makirfon wa'azi da sanarwa ma: eko in ya yi yawa, na baya ba ya gane me ake faɗa.

A KIYAYE, WANNAN BA WASA BA NE

Irin waɗannan kaya kan shigo a gwanjo, don haka a kula.

Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Karanta bayan akwatin kafin ka jona. In 120 aka rubuta, sai da taransifomar rage wuta, in ba haka ba hayaƙi za ka gani. In da janareto kake aiki, sa sitabilaiza a tsakani.

Kada ka taɓa kunna amfilifaya mai kwalba ba a jona sifika ba, taransifomar fitar da sauti na iya ƙonewa. Kuma lambar om ta dace: 8 da 8, 16 da 16.

A cikinta akwai wuta mai bolt 300 zuwa 500, kuma kafasita na riƙe ta ko bayan an zare filogi. Tana kisa. Wanda bai san yadda ake sauke wannan wuta ba kada ya sa hannu.

Tsofaffin kayan nan da dalma aka yi musu like. Mutanen Anka da Bukkuyum ba sai an yi musu dogon bayani kan gubar dalma ba, bayan abin da ya faru a ƙauyuka irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma tun daga 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Mai gyara ya yi aiki inda iska ke shiga, ya wanke hannu kafin cin abinci, kada ya bar yara su yi wasa da ɓurɓushin.

Feda kuma mafi yawansu bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar filoginsu nagatif ce, saɓanin adaftocin da muka saba da su. Duba zanen da ke jiki kafin ka jona.

GWADA A WAYARKA

Tun 2010 kamfanin IK Multimedia na Italiya ya fitar da iRig, 'yar na'urar da ke haɗa jita da waya, tare da manhajar AmpliTube mai kwaikwayon tsofaffin amfilifaya. Amma ko ba ka da jita za ka iya jin abin da kunnenka. Sauke BandLab, kyauta ce a Android da iPhone. Buɗe sabon aiki, sa iyafis, ɗauki muryarka ko tafi na daƙiƙa 10. Shiga wurin da aka rubuta Fx, ɗora Overdrive, sannan Reverb a bayanta, ka saurara. Sai ka juya jerin ka sake saurara. Bambancin da za ka ji shi ne duk abin da muka yi bayani a sama.

In kuma akwai mai gurmi, garaya ko kukuma a unguwarku, roƙe shi ka ɗauki kiɗansa na minti 1 a ɗaki marar hayaniya. Kada ka sa masa gurnani da yawa, ya zo da nasa. Ɗan amsa-kuwwa kawai za ka ƙara, ka tura masa ya ji, ka kuma ajiye asalin ɗaukar ba tare da ka taɓa ta ba.

Wanda ya gwada ya ba mu labarin abin da ya ji. Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, Ya dawo mana da bukukuwanmu cikin kwanciyar hankali. Sai mun haɗu a darasi na gaba.